Yadda Kyaftin Ya Kawo Teku Falonsa

Duk benen nan babu wanda ya taɓa ganin Kyaftin cikin ruwan da ya wuce idon sawu, amma babu wanda bai sha labarin teku a bakinsa ba. Gaskiyar magana, aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne buga hatimi a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, kuma tagar ofishin ma garejin motoci take kallo. Ranar sallamarsa abokan aiki suka ba shi farar hula irin ta matuƙan jirgi don raha, shi kuwa ya riƙe abin da hannu bibbiyu. Tun daga nan, in ka kira shi da ainihin sunansa ko waiwayowa ba ya yi.

A hawa na biyu yake zaune da matarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Sista, har shi mijin. Daidai ƙarƙashinsu Mai Kemis ne, mutum siriri mai magana a hankali kamar yana karanta takardar magani. A ƙasa kusa da ƙofa akwai wata dattijuwa da duk gidan ke kira Gwaggo.

Abin ya samo asali ne daga ruwan famfo. Mai Bene, wato mamallakin ginin, ya gaji da ƙorafi, yau tankin sama ya ƙafe, gobe ya yi ambaliya, sai ya ce 'yan haya su zaɓi mutum ɗaya a ba shi makullin rufi, ya zama shugaban ruwa. Mai Kemis ya nuna yana so. Labari ya iske Kyaftin, ya tare shi a matakala.

"Maƙwabci, na ji wai kana neman shugabancin ruwa. Kai da ruwan da ka sani bai wuce cikin cokalin shan magani ba?"

"Ko ba komai nawa ana sha a warke," in ji Mai Kemis. "Naka fa, a ina yake? Har yau a baki muke jin sa."

Kyaftin ya gyara zaman hularsa. "To za ka gan shi. Teku zan kawo cikin falona, da gishirinta da dabbarta. Wanda ya riƙe teku a ɗaki, tankin roba ne zai gagare shi?"

Washegari ya nufi shagon masu sayar da kifin ado. Mai shagon na hango farar hula ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin." Wannan gaisuwa kaɗai ta ishe shi ciniki. Kyaftin bai fito ba sai da ya ɗauki akwatin gilashi mai tsawon gadon jariri, da injin tace ruwa, da injin busa iska, da fitila, da yashi, da duwatsu masu ramuka. Kifi kuwa ya raina shi, ya ce wannan ai kowace tukunya ta san shi. Sai idonsa ya faɗa kan wani hoto a bango, wata halitta mai kai kamar ƙwai da hannuwa takwas.

"Oktofus ke nan, ranka ya daɗe, amma ƙaramin iri. Sai an yo odarsa daga nesa, zai ɗan ɗauki lokaci."

"Ni za ka gaya wa? Mun sha arangama da kakanninsa. Yo mini shi."

Mai shagon ya jawo buhun gishirin teku da wani murfi mai maɗauri, ya ce waɗannan ma ana haɗawa da su.

"Gishiri akwai a kicin," in ji Kyaftin. "Murfi kuwa, ka taɓa ganin teku da murfi?"

Da ya iso gida ya duba falo, bai ga wurin da ya dace da teku ba sai saman kabad ɗin Sista, inda take ajiye kwanukanta na baƙi. Ya ɗora, ya yi ta jido ruwa yana zubawa. Kafin akwatin ya cika, katakon sama ya lotsa, ƙofofin kabad suka cije. Sista ta dawo daga aiki, ta ja, ta ja, ko motsi.

"Maigida, kwanukana fa?"

"Suna ƙarƙashin teku. Ba kowane kwano ke samun wannan daraja ba."

"To yau a murfin tukunya za ka ci abinci, shi ma ya samu tasa darajar."

Haka kuwa aka yi. Ya ci a murfin tukunya, yana ci yana ce mata a jirgi ma haka ake yi in an shiga hadari.

Sai batun gishiri. Ya juye na kicin kaf, ya ɗanɗana da yatsa, ya girgiza kai. Ya sauka ya aro na Gwaggo, ya bi ƙofa ƙofa har benen ya wayi gari babu mai gishirin miya. Bayan kowane zubi sai ya lasa, ya lumshe ido, ya ce saura kaɗan ya kai na tekun da ya sani. Da harshensa ya gamsu, ya sayo 'yan jatan lande masu rai ya zuba don gwaji. Ba a jima ba suka yi rigingine.

"Barci suke," in ji shi. "Gajiyar hanya ce."

Sista ta leƙa. "Mu a asibiti, in mutum ya yi irin wannan barcin, zane muke ja masa har ka."

Ya koma shago ya sayo gishirin teku buhu buhu, ya shaida wa mai shagon cewa dama gwada shi yake yi, ya ga ko ya san sana'arsa. Aka zubar da ruwan farko, aka haɗa sabo. Ya tattara wayoyin injuna da na fitila ya cusa su a soket ɗaya, ya kira Sista ta zo ta ga tarihi, ya danna. Wani abu ya yi tas a ƙasan matakala, wuta ta ɗauke a benen gaba ɗaya. Daga tagogi aka fara tambayar ko na kowa ne. Kyaftin ya leƙa shi ma, ya fi kowa zagin kamfanin wuta.

Da aka gyara, injin tace ruwan ya kama aiki da ƙwazo fiye da kima, yana feshi ta bayan akwati, ruwa na bin bango yana shigewa ƙasa. Bayan 'yan kwanaki Mai Kemis ya ƙwanƙwasa ƙofa, kafaɗar rigarsa a jiƙe.

"Maƙwabci, silin ɗina yana hawaye. Na ɗanɗana, har da gishiri."

"Ka gode wa Allah. Mutane jirgi suke hawa su je neman iskar teku, kai ga ta har kan gadonka."

"A kan gadon nawa take, shi ya sa na zo."

Kyaftin ya ba shi aron bokiti, ya ce in ya cika ya dawo masa da ruwan, don haɗaɗɗe ne, ba na zubarwa ba.

Mai shago ya faɗa wa Kyaftin dole a riƙa rage tsohon ruwa ana ƙara sabo. Sau ɗaya ya yi jidon, bayansa ya ƙage, sai ya zauna ya yi tunani irin na manya. Da yake ƙofar rufi a buɗe take tun da ba a naɗa mai makulli ba, ya hau da shuɗin duro, ya ɗora shi kan bulo kusa da babban tankin gidan. Ya zura tiyo ɗaya daga tanki zuwa duro don ya riƙa cika shi, ya saki wani tiyon daga duro ya bi bango ya shiga ta tagar falonsa. Don kada wani ya yi masa karambani, ya sa jan fenti ya yi rubutu a jikin duron da manyan baƙaƙe.

Duk wannan lokaci dabba ba ta iso ba, amma a bakin Kyaftin kullum girma take. Da farko hannunta ya kai kamu ɗaya. Bayan mako ya kai tsawon sandar mofa ta goge ƙasa. Daga baya har an taɓa ganin irinta ta kifar da kwalekwale da mutanensa. Gwaggo, da take zaune a ƙofarta tana sauraro, ta ce:

"Ɗana, su takwas ɗin nan hannuwa ne ko ƙafafu?"

"Hannuwa, Gwaggo."

"To da me yake tafiya?"

"Da hannun."

"Da me kuma yake cin abinci?"

"Da hannun dai."

"Ba ya wankewa?"

"Gwaggo, a cikin ruwa fa yake."

"Ruwan da yake bayan gida a ciki," in ji ta. "Allah ya kyauta. Ni dai kada ya ba ni hannu."

Ranar da kaya suka iso, rabin benen ya taru a falon Kyaftin, wasu sun tsaya bakin ƙofa don in abu ya ɓaci su riga kowa sauka. Kwalin babba ne, mutum biyu suka hau da shi. Aka buɗe, sai ga wani kwali. Aka buɗe shi, sai soso. Cikin soso leda cike da ruwa, cikin ledar ɗan guntun bututu, cikin bututun kuma wani abu ya leƙo da ido ɗaya. Duk jikinsa bai fi babban yatsa ba.

Mai Kemis ya gyara tabarau ya sunkuya.

"Wannan shi ne, ko ƙwansa ne?"

"Ƙanƙance kansa ya yi saboda tafiya," in ji Kyaftin. "Dabararsu ce. Bari ya huta ka ga yadda zai buɗe."

Aka sake shi a ruwa. Ya zame kamar majina, ya shige ramin dutse, shi ke nan. Aka yi ta jira har ƙafafu suka gaji, kowa ya kama gabansa.

Daga ranar babu wanda ya sake sa shi a ido. Kyaftin ya sayo ƙananan ƙaguwa yana zuba masa. Da safe sai a tarar da ɓawonsu a tare a bakin rami, alamar mai gida yana ciki kuma ya ƙoshi, amma fitowa babu. Kyaftin ya haska tocila, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi fito, har umarni ya ba shi da murya irin ta jirgi. Wata rana Gwaggo ta lallaɓo ta hau, ta ga ƙaguwa na tafiya a karkace kan yashi, ta ƙirga ƙafafu ta samu takwas, ta sauka ta shaida wa kowa cewa ta gan shi, kuma ba shi da kyau ko kaɗan. Kyaftin bai ƙaryata ba. Shaida shaida ce.

Aka sa ranar zaɓe, shi kuwa ya nace a falonsa za a yi, don masu zaɓe su ga aiki da idonsu. Da sassafe ya hau rufi. Yana son ruwan akwati ya yi garau, kuma ba ya son ya riƙa hawa kullum, sai ya juye buhun gishiri sukutum a duro, ya ƙara rabin wani, ya dama da sanda har hannunsa ya gaji. Ya sauko yana fito, ya bar tiyon tanki tsome a ciki.

Da la'asar falo ya cika. Mai Bene ya zo cikin farar riga mai guga, aka ba shi kujerar da ta fi kusa da akwati. Kyaftin ya sha fararen kaya da hularsa, ya tsaya ya yi jawabi a kan ruwa tun daga girgije har zuwa famfo. Mai Bene ya duba agogo.

"Kyaftin, duk mun ji. Ina dabbar? Ni har yanzu duwatsu nake gani."

"Yanzu kuwa, Alhaji. Ni kaɗai yake sauraro."

"Maigida, ƙyale shi," in ji Sista daga ƙofar kicin.

Ina, ya riga ya naɗe hannun riga. Ya tsoma hannu har kafaɗa, ya ɗaga dutse na farko, babu. Ya ɗaga na biyu, ƙaguwa ta kama masa ɗan yatsa, ya cije leɓe ya ce gaisuwa ce. Da ya ɗaga na uku sai ruwan ya yi baƙi ƙirin kamar an fasa kwalbar tawada, kuma wani abu mai sanyi ya nannaɗe masa wuyan hannu ya manne. Mutumin da ya sha arangama da kakannin dabbar ya ƙwala ihun da aka ji har titi. Ya fizgo hannu, baƙin ruwa ya yi tsalle ya sauka a gaban rigar Mai Bene, hula ta faɗa cikin teku. Ya shiga zagaya falo yana yarfe hannu yana kiran Sista, jama'a na hawa kujeru. Gwaggo ce kaɗai ba ta motsa ba, ta ce ai ba wannan ba ne, wanda ta gani ya fi shi ƙafafun kirki.

Sista ta zo da roba, ta ɗebi ruwan akwati, ta kama hannun mijinta ta tsoma a ciki kamar za ta wanke wa yaro ciwo. Ɗan abin ya saki da kansa, ta mayar da shi, ya koma raminsa.

"Atisaye ne," in ji Kyaftin yana haki. "Muna yi lokaci lokaci."

Don a kwantar da hankali Sista ta kawo shayin da ta dafa. Mai Bene, da ke goge riga da hankici yana ƙara baza baƙin, ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya waiga neman inda zai tofar, bai samu ba, ya haɗiye. Mai Kemis ya kurɓa ya ajiye kofi a hankali.

"Sista, sukari kika sa ko gishiri?"

"Sukari. Gishirin gidan nan ai ya daɗe da tafiya teku." Ta koma kicin ta tari ruwan famfo ta ɗanɗana. "Daga famfo ne."

Nan fa bakuna suka buɗe. Wata ta ce tun azahar sabulu ya ƙi kumfa. Wani ya ce ya yi wanka jikinsa na ta ƙaiƙayi. Gwaggo ta ce ita ta ɗauka bakinta ne ya lalace, har ta sha magani.

Kyaftin ya ga dama ta samu. Ya tsamo hularsa, ya matse, ya kafa ta a ka tana ɗiga.

"Jama'a, kun ga abin da nake faɗa. Wannan aikin maƙiya ne, ko sakacin wanda bai san ruwa ba." Ya saci kallon Mai Kemis. "Ku biyo ni rufi yanzu. Duk wanda ya yi wannan, in na kama shi, ko ɗan uwana ne sai ya wanke tankin nan da hannunsa, kuma sai ya ɗebo wa kowane gida ruwa har a gyara."

"Kowa ya ji?" in ji Mai Kemis.

Aka ce an ji.

Kyaftin ne a gaba, jama'a na biye. Sai da ya sa ƙafa a rufin ya hango shuɗin duro, sannan tafiyarsa ta fara sanyi. Tun safe mutanen gida ke jan ruwa, tanki ya yi ƙasa, duro kuwa yana bisa bulo, sai tiyon ya juya aiki. Maimakon ya kawo ruwa duro, ya zuƙe ruwan gishirin tas ya mayar cikin tanki. Babu abin da ya rage a duron sai farin gishiri a gindi.

Kyaftin ya matsa ya tsaya a gabansa, ya buɗe hannuwa kamar mai shan iska.

"Nan babu komai. Mu duba ta can."

"Ɗan gusa, maƙwabci," in ji Mai Kemis. Ya gyara tabarau ya karanta jan rubutun da ƙarfi, kalma kalma: "Tekun Kyaftin. Kada jahili ya taɓa."

"To ai ka ji," in ji Gwaggo, da ta iso ƙarshe tana dafa gwiwa. "Shi ya rubuta, shi ya taɓa."

Kyaftin ya buɗe baki. Ya ce a kimiyyance ruwan gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce a manyan jirage da gangan ake yi. Ya ce Sista ma shaida ce, a asibiti ruwan gishiri ake ɗaura wa marasa lafiya.

"A jijiya," in ji Sista. "Ba a shayi ba."

Mai Bene ya dubi rigarsa, ya dubi tanki, ya ce tunda kowa na nan a yi zaɓen a gama. Mai Kemis ya ɗaga hannu ya ce shi ya janye, kuma yana goyon bayan Kyaftin da zuciya ɗaya, don shugaban ruwa shi ke da wankin tanki da samar wa gida ruwa, ga shi kuma ɗan takara ya yi alkawari da bakinsa. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na Sista. Mai Bene ya ciro makulli ya danƙa wa Kyaftin, ya ce rigar ma zai aiko a haɗa da ita.

Wankin tanki da ɗauraye bututu ya ɗauki kwanaki. Kullum Kyaftin na kan matakala da bokiti biyu, daga famfon maƙwabta zuwa ƙofar kowane gida, hular nan ta koma ruwan toka. Sista kuwa ta je shago ta sayo murfin, ta rufe teku, ta kashe fitilar da ke haske ta dare da rana. Da falo ya samu shiru, babu mai ƙwanƙwasa gilashi, babu mai ba da umarni, sai ga ɗan abin ya fara fitowa da yamma. Ya miƙe hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya bi gilashi yana sauya launi, daga fari zuwa ja zuwa kalar yashi. Maƙwabta suka riƙa hawowa kallo, har Mai Kemis da kujerarsa. Gwaggo ta ce wannan ya fi na farkon kunya.

Amma da zarar an ji takun Kyaftin a matakala da ƙarar bokiti, sai ya zame ya shige rami. Har aka gama aikin tanki, shi kaɗai ne a benen bai taɓa ganin fitowarsa ba.

Wata yamma cikin kwanakin jidon ya shigo jiƙe da gumi, ya tarar da falo cike, kowa na kallon dutse.

"Yanzun nan ya shige," in ji Mai Kemis. "Yana jin tafiyarka ya gudu."

Kyaftin ya ajiye bokitan, ya dafa ƙugu, ya dubi ramin ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

"Ba gudu ba ne, maƙwabci, horo ne. Ƙaramin ma'aikaci ba ya zama a fili in shugaba ya shigo."

"To shugaba," in ji Gwaggo, "nawa bokitin bai cika ba."